Kuntigi da kalangu

Duk wanda ya taɓa sauraren Ɗan Maraya Jos da Mamman Shata a zama ɗaya, ya ji hanyoyi biyu na yin aiki. Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, an fi saninsa shi kaɗai da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya: shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi. Shata kuwa, har ya koma ga Mahaliccinsa a 1999, yana tafe da makaɗan kalangu da ƴan amshi. Kowannensu ya shahara, amma ba nauyi ɗaya suka ɗauka ba.

Mai kuntigi ba ya jiran kowa. In ya so ya ja baiti, ya ja. In ya so ya katse, ba wanda zai harare shi. Abin da aka ba shi a fage aljihunsa zai shiga. Sai dai ranar da murya ta dushe, babu mai rufa masa asiri. Amfanin amshi ke nan da masu sauraro ba su cika lura da shi ba: sa'ad da yara ke maimaita amshi, uban waƙa yana numfasawa, yana kuma ƙulla baitin da zai biyo baya. Wannan hutu ba kyauta ba ne. Ƴan amshi suna da ciki da iyali, kuma bayan an tashi daga fage sai an zauna rabo.

Manomin ƙasar Maraɗi ya san wannan tun kafin a haifi mawaƙan biyu. Yana aikin gandu tare da mahaifinsa da ƴan'uwansa, yana kuma da gamanarsa da yake nomawa don kansa. Gandu shi ke cika rumbun da gida zai ci. Gamana ita ke saya wa saurayi riga. Magabata ba su zaɓi ɗaya suka yar da ɗaya ba, sun raba musu kwanakin mako ne. Da gandaye suka riƙa watsewa, kowa ya samu ƴancinsa, amma magidanci da zazzaɓi ya kwantar tsakiyar damina yakan kalli ciyawa tana cinye hatsinsa, in ba ya da kuɗin ƴan ƙwadago.

Ana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gaskiya ne. Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne wa zai kwana cikin ɗakin bayan an ɗora ta. Tarayya ba ta cika mutuwa lokacin wahala ba. Ranar riba take mutuwa. Abokai biyu da suka haɗa jari suka sayi albasar Galmi za su jure zafin hanya da asara tare, sai ran da ciniki ya yi kyau kowa ya tuna cewa shi ya fi shan wuya. Kunya ce ta hana su tsai da magana tun farko, domin a ganinsu ambaton rabo tsakanin aminai rashin yarda ne.

Matan karkara sun fi maza dubara a nan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, ba su dogara ga zumunci kaɗai ba. Ana zuba kuɗi a gaban kowa, ana ba da bashi a gaban kowa, an kuma san ranar rabo tun kafin a zuba dala ta fari. Malamai biyu da suka yi niyyar rubuta wasan kwaikwayo tare don ƴan lakwal ɗinsu, ya kamata su ma su san sunan wa zai hau bangon littafi kafin su ɗauki alƙalami.