Ranar Da Gizo Ya Ƙi Hawa Ɓaure

Hausawa na cewa gemu ba ya hana ilimi. Mun sha faɗa wa mutane wannan karin magana, amma ba mu san nauyinta ba sai ranar da muka tsinci kanmu gaban kwamfuta, muna da shekara arba'in da 'yan kai, bayan mun shafe kusan shekara ashirin muna riƙe da alli, wai muna fama da Gizo a kan ya hau itacen ɓaure, shi kuwa ya ce allambaram.

Abin da ya kai mu ga wannan wahala shi ne halin da muka ga 'yan aji ɗaya na makarantarmu suna ciki. Da yawansu sukan zo sakandare ba su iya haɗa baƙi ba, in ka miƙa musu littafi sai su sunkuyar da kai, alhali kuwa in suka ga waya ko talabijin ko ƙiftawa ba sa yi. Sai muka yi tunanin mu shirya 'yar manhaja wadda za ta nuna tatsuniya, Gizo yana tafiya a allon kwamfuta, jimla tana fitowa a ƙasa, yaro ba zai ga abin da zai faru gaba ba sai ya karanta ya danna. Ba mu tsaya nan ba, sai da bakinmu ya ja mu muka yi wa shugaban makaranta alkawarin za mu nuna ta kafin ƙarshen zango.

Muka ɗauki harshen Python, wanda wani mutumin ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ya fitar a 1991, muka haɗa da Pygame, wato tarin kayan aikin da ake zane da motsi da su a cikinsa. Muka buɗe taga mai faɗin ɗigo 640 da tsawon ɗigo 480, wani ɗalibi mai hannun zane ya zana mana Gizo a takarda, muka ɗauki hotonsa muka saka. Daga nan fa aka fara.

Da muka umarci Gizo ya yi tafiya daga hagu zuwa dama, ya tafi ɗin, amma ya bar wani dogon baƙin sawu a bayansa kamar an ja gawayi a bango. Kwana biyu muna zargin hoton, muna zargin kwamfutar da tsufa. Ashe babu wani abu da yake motsi a allon kwamfuta. Abin da ake yi shi ne a zana hoto, a goge, a sake zana shi gaba kaɗan, a yi ta maimaitawa da sauri har ido ya ɗauka tafiya ce, kamar yadda fim ɗin silima yake nuna hoto 24 cikin daƙiƙa guda. Mu kuwa muna ta zanawa ba mu gogewa. Abin kunya, malamin da kullum yake faɗa wa monita ya goge allo kafin a shiga sabon darasi, shi ne ya manta da dasta. Layi ɗaya tak muka ƙara, mai shafe taga da launin sama a farkon kowane zagaye, sawu ya ɓace.

Na biyu shi ne wanda ya fi ba mu haushi. Gizo ya isa gindin ɓaure, muka ce a riƙa ƙara 5 a kan lambar tsayinsa domin ya hau. Maimakon ya hau, sai ya nutse ƙasa ya ɓace ɗungurungum. Muka mai da 5 ta zama 10, ya ƙara saurin nutsewa. A daren nan mun canza abu ya fi goma a lokaci guda, har muka ɓata wuraren da da lafiyarsu lau.

Da abin ya ishe mu, muka ajiye girman kai muka nemi wani tsohon ɗalibinmu da yake karatun kwamfuta a jami'a. Yaron da muka taɓa sa shi tsallen kwaɗo saboda makara, shi ne ya zauna a kujerarmu muna tsaye a kansa. Bai gyara kome ba. Cewa ya yi, "Malam, ku sa ta riƙa rubuto muku lambar a kowane zagaye, ku gani da idonku." Muka yi haka, sai ga lambobi suna zubowa: 400, 405, 410, har suka wuce 480. Ya ce, "To Malam, ina sifili yake?" Muka nuna ƙasan taga, domin haka muka sani a jadawalin lissafi, lamba tana ƙaruwa ne in ana yin sama. Ya yi murmushi cikin ladabi ya nuna kusurwar sama ta hannun hagu. A Pygame, da ma yawancin kayan zane na kwamfuta, daga can ake fara ƙirga, lamba tana ƙaruwa in ana gangarowa, kamar yadda tsohuwar talabijin take zana hotonta layi-layi daga sama zuwa ƙasa, kuma kamar yadda muke karanta shafin boko. Ashe Gizo bai saɓa mana ba ko sau ɗaya. Mun ce ya gangara, ya gangara. Muka mai da alamar tarawa ta zama ta ɗebewa, ya haye ɓaure tsaf.

Kafin yaron ya tafi ya bar mana ƙa'ida biyu da muka rubuta a bangon littafinmu: kada a yi zato in ana iya dubawa, kuma kada a canza abu biyu a lokaci guda. Da su muka shawo kan sauran matsalolin da kanmu.

Da muka kai aikin kwamfutar makaranta, wadda ta fi tamu ƙarfi, sai Gizo ya ratsa taga kamar walƙiya. Dalili kuwa, ba mu ƙayyade yawan zagayen ba, kowace na'ura tana gudu iya ƙarfinta. Muka ɗaure shi a zagaye 30 cikin daƙiƙa, yana matsawa ɗigo 4 kowane zagaye, wato ɗigo 120 a daƙiƙa, ya zamana yana ratsa taga cikin daƙiƙa biyar da ɗan ɗoriya a kowace kwamfuta. Haka nan da muka sa manhajar ta dakata daƙiƙa goma domin yaro ya karanta jimla, sai taga ta sandare, a danna madanni ba ya amsawa. Mun sa ta barci ne, mai barci kuwa ba ya jin sallama. Gyaran shi ne a bar ta a farke tana sauraren linzami, tana kuma duban agogo har lokacin ya cika.

Akwai kuma wadda ta shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa. Da sunan matar Gizo ya fito, a maimakon Ƙoƙi sai muka ga ƙananan akwatuna biyu a gurbin baƙaƙenta, haka ma ƙurunƙus da ɓaure. Haruffanmu masu lanƙwasa suna da gurbinsu a tsarin Unicode, kwamfuta ta san su sarai, amma zubin haruffan da muka zaɓa ba a zana su a cikinsa ba. Wani abokin aiki ya ce mu rubuta k da b kawai, ai za a gane. Muka ƙi. Ta yaya za mu koya wa yaro karatu da manhajar da ba ta bambanta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa? Wannan sakaci ya daɗe yana cin littattafanmu tun zamanin tafireta, lokacin da sai an bi da biro ana lanƙwasa haruffa. Muka nemo zubin Noto Sans, wanda kamfanin Google ya samar, akwatuna suka kau, Ƙoƙi ta sami sunanta.

Muna tsammanin mun gama, sai muka kira wata yarinya 'yar aji ɗaya mu gwada. Muka zaunar da ita, muka kame bakinmu. Ta dubi taga ta daɗe, sannan ta waiwayo ta ce, "Malam, ina zan taɓa?" Madannin yana nan a kusurwa, ƙarami, launinsa ya saje da ciyawar da muka zana. Mu muna ganinsa ne don mu muka ajiye shi. Babu lambar da za ta nuna mana wannan kuskure, sai idon wanda bai san abin da ke zuciyarmu ba. Muka faɗaɗa shi, muka ba shi launin ruwan ɗorawa, muka rubuta "Ci gaba" a kansa. Yaro na biyu bai tambaye mu kome ba.

Ranar da muka nuna a aji, yara sun kai sittin a kan kwamfuta guda. Ba za mu ce manhajar ta koya musu karatu ba, wannan aiki ne na shekaru. Amma wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu ba ya matso gaba, ya bi jimlar da yatsa gaɓa-gaɓa har ya kai ƙarshe, domin kawai yana son ya ga ko Gizo zai faɗo.

Ya 'yan'uwa marubuta, tun daga lokacin in mun gama rubuta labari ba mu ƙara yarda da abin da muke jin mun faɗa. Mukan koma mu duba abin da yake kan takarda, mu gyara abu ɗaya-ɗaya, sannan mu miƙa wa wanda bai san labarin ba mu yi shiru. In ya waiwayo ya tambaye mu inda aka dosa, mun san ba laifinsa ba ne. Allah ya ƙara mana haƙuri da basira, amin.