Hadari a Waya, Zafi a Ɗaki

'Yar'uwa, idan kin ga hasashen NiMet ya ce akwai yiwuwar hadari da tsawa a Kano ko Sakkwato, kada ki saki jiki. Yiwuwa ce kawai. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma ranar da hadari ya haɗo bai zubar ba ta fi takura. A irin ranakun ake kawo mana jarirai asibiti, maɗiga ta faɗa, baki ya bushe.

Wanda bai kai wata 6 ba, nono za ki yawaita masa, ba ruwa ba, ko da kakarsa ta matsa. Ki lura da fitsarinsa. In ya ragu, ki kawo shi. Yayyensa kuwa, da kin ji tsawa, ki kira su daga gindin darbejiya su shigo ɗaki.