Fijon Kawu Ta Sake Hawa Titi

 

Matasanmu suna yawan tura bidiyon mutanen Amurka da ke jawo tsofaffin motoci daga rumbunan gona, irin su Ford Mustang da Dodge Charger na shekarun 1960 masu ƙaton inji mai silinda takwas, su kwashe watanni suna gyara har mota ta dawo fes. Ana kallo ana sha'awa. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar Jibiya ya san muna da tamu motar da ta cancanci wannan hidima, kuma tana nan a bayan gidaje da gefen gareji, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Fijo 504 nake nufi.

Ta kawuna doguwa ce, mai kujeru layi uku. Da ita ya yi shekaru yana jigilar fasinja daga Jibiya, a bi ta Magama, a ratsa Ɗan Isa, a sauke a Maraɗi. Da kuɗinta ya gina gidansa a Kusa, ya aurar da 'ya'ya. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin Najeriya na tudu, a Nuwamban shekarar kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Fasinja ya ɗauke, mai sai a hannun 'yan bumburutu. Kawu ya shigar da motar ƙarƙashin darbejiya ya ce sai an buɗe. Jibiya ba ta cikin iyakoki huɗu da aka buɗe a Disamban 2020, sai a Afrilun 2022 aka waiwayo ta. Mutane ba su gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙame hanya har Maris na 2024. Ga kuma masifar 'yan bindiga da kowa ya san abin da ta yi wa ƙauyukanmu. A tsakanin nan Allah ya karɓi ran Kawu. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makoma.

Da aka zo rabon gado, 'yan gwangwan ne suka fara tayi, kuma da nauyin ƙarfe suke lissafi. Zuciyata ta ƙi. Na roƙi magada suka sayar min, na tafi wurin wani tsohon bakanike a Jibiya wanda gyaran Fijo ne sana'arsa tun yana saurayi. Ya zo ya zagaya ta, ya buɗe gaba ya daɗe yana kallo. Na ce, "Baba, in kawo batir mu gwada?" Ya ce, "Ɗana, mai azumi ba da tuwo yake buɗe baki ba, da ruwa yake farawa. Ka murza makullin nan yau, ka kashe injin."

Abin da ya fara yi shi ne cire filogi huɗun, ya ɗura mai a kowace silinda, ya bar ta ta jiƙa. Motar da ta daɗe a tsaye, ringin fistin yana mannewa jikin silinda, in aka tilasta masa ya karye ko ya kankare bangon. Bayan kwanaki ya sa sifana yana lallaɓa injin da hannu, gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya saki. Sai tanki: tsohon fetur ya koma danƙo mai wari, tsatsa ta bi ciki, dole aka sauke aka wanke. Kabireto kuwa a kan tabarma ya wargaza shi, ya jera ƙananan kayan cikinsa a faranti, yana hura kowace ƙofa da baki yana ɗagawa sama ya ga haske ya ratsa. Ɓeraye sun ci wayoyi. Lagireto ya toshe da laka. Robobin birki duk sun bushe, ka taɓa su farfashe. Busasshiyar iskar ƙasarmu ta yi mana rana ɗaya, domin jikin motar bai ruɓe ba sai ƙasan ƙafar direba inda ruwan damina ke kwanciya. Abin da ta lalata shi ne duk wani abu na roba da fatar kujeru.

A zaman da na yi kusa da shi ne na gane dalilin da ya sa motar nan take gyaruwa. Silindar injinta ba a haɗe take da gangar injin ba, hannun riga ce ta ƙarfe da ake zarewa a sa sabuwa, don haka inji ɗaya yana iya yin rayuwa biyu ko uku. Babu kwamfuta a cikinta. Wuta daga kwantak take fitowa, kuma wanda ya iya yana saita ta da ido da kunne. Doguwar tana da sifirin biyu a kowane gefe na baya, shi ya sa take ɗaukar mutane da buhuna a hanya mai ramuka ba ta durƙusa.

Kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. An fito da ita a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975. A wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, zamanin Janar Yakubu Gowon. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Wato hannun 'yan ƙasar nan ne ya ɗaura ƙusoshin motar Kawu. Yau idan ka tsaya a tasha, kusan duk abin da za ka gani gwanjon Turai ne, Golf da Sharon da sauransu, waɗanda wasu suka gama mora kafin su iso gare mu. Wannan yana ci min rai.

Neman kaya ya fi gyaran wahala. Gaskit da ringi da kwantak an samu a Ƙofar Ruwa a Kano. Fitila da hannun ƙofa sai da aka tona Panteka a Kaduna. Wasu ƙananan abubuwa wani direba ya taho mana da su daga Maraɗi, inda har yanzu ake samun masu riƙe da Fijo. Duk mai shagon da aka tambaya amsarsa ɗaya ce: da akwai, amma an yanka an kai kamfanin narka ƙarfe.

Ranar da za a tayar da ita, makwabta suka taru. Ta yi tari, ta fesa baƙin hayaƙi, ta mutu. Baba ya taɓa kabireto, ya ce a sake. Ta kama, ta zauna daram. Matar Kawu da ke cikin gida ta gane ƙarar tun kafin a faɗa mata, ta fito ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi. Mun tuƙa ta zuwa Jibiya, muka miƙe har Magama, tsofaffin direbobi suna ɗaga mana hannu suna yi wa Kawu addu'a.

Ba zan ruɗe ku ba, motar nan ba ta haya ba ce yanzu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, injin kabireto ba ya fitar da kuɗin direba, kuma ba ta da kayan kariya irin na motocin zamani. Kuɗin da na kashe ya fi abin da za a taya ta. Amma na ga yaran gareji biyu sun zauna sun kalli yadda ake saita kwantak da yadda ake zare silinda, abin da ba su taɓa gani ba. Masu wannan ilimi a Jibiya da Katsina sun manyanta, kuma ba a littafi yake ba.

Don haka ina roƙon duk wanda yake da 504 ko 404 ko akori-kurar Fijo a bayan gida, kada ya yi gaggawar kiran 'yan gwangwan. Ya ɗaga ta a kan duwatsu, ya zubar da tsohon mai, ya rufe ta daga rana, ya nemi tsohon bakanike ya duba ta tun yana da ƙarfin riƙe sifana. Ni kuma har yanzu ina neman gilashin baya da fitilar hagu ta doguwar 504. Wanda ya san inda za a samu, don Allah ya yi min magana.