Zoɓo da murafen kwalba

Jama'a, in faɗi gaskiya, na gama sakandare a Kafanchan ban taɓa riƙe biuret da hannuna ba. A allo muke taitireshan, mu haddace, mu juye a jarrabawa. Firaktikal ɗina na farko a kwaleji kuwa na sha kunya: hannu na rawa, sau uku ina zarce ma'auni.

Malamarmu ba ta yi faɗa ba. Washegari sai ga ta da ruwan zoɓo, lemon tsami da jiƙaƙƙiyar kanwa. Ta ce, "Zo ka ɗiga." Na ɗiga kanwa, ja ya koma kore-kore. Na ɗiga lemon tsami, ja ya dawo. Ashe duk wahalar nan, ɗigon da launi ke juyawa ake fako!

Da muka zo kan sinadarai masu fitar da radiyeshan, murafen kwalba 100 ta zuba mana a faranti. Mu girgiza, mu kwashe waɗanda suka kife. Duk zagaye kusan rabi ke tafiya, amma ba mai sanin wanne zai kife. Ta ce haka ayodin-131 yake, duk kwana 8 rabinsa ya tafi. Ta ƙara da cewa a nan Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello na da injin nukiliya na bincike tun 2004.

Wata mai zuwa zan fita koyarwar gwaji. Ba na so ɗalibaina su sha irin kunyata. Masu shagon lemo, don Allah ku ajiye mini murafe.