Bijimin Laka da Bijimin Tangaran

Damina na sauka a Simsim, cikin jihar Gadarif ta Sudan, baƙar ƙasar nan da ta sha tsagewa da rani sai ta kumbura ta zama laka mai danƙo, ta riƙe tayar tarakta, ta zare wa mai tafiya takalmi. Manya hankalinsu na kan dawa da riɗi. Yara kuwa kakarsu ta yanke saƙa: a gutsuro curi, a murza, a ja ƙafafu huɗu, a ɗora tozo, a kafa ƙaya biyu su zama ƙaho. Ba yaron da ke mance tozo, don kullum yana ganin shanu.

Irin wannan idon ne ya yi aiki a Babila ta ƙasar Iraƙi, wajen shekara ta 575 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Sarki Bukhtanasar na Biyu ya gina Ƙofar Ishtar. Can ma yumɓu ne, sai dai an kai shi wuta. Ba a dunƙule aka gina bijimin da ke jikin ƙofar ba. Kowane tubali da rabonsa: wannan ya ɗauki ido, wancan cinya, wani kofato. A gasa, a shafa ruwan tangaran, a sake gasawa, sannan magina su jera suna bin alamomin da aka sa wa tubalan, har bijimi ya fito fari ko rawaya a kan shuɗin bango, yana taku.

Akwai zakoki kimanin 120 a bangayen titin da ya nufi ƙofar, baki buɗe. Akwai kuma dodon gunkinsu Marduk, mai kan maciji, ƙafafun gaba na zaki, na baya na gaggafa. Ni dai bijimin ya fi kama mini rai. Dodon haɗe-haɗe ne aka yi da tunani. Bijimin kuwa, dubi yadda ya tanƙwara wuya, dubi jijiyar ƙafa, ka san wanda ya zana shi ya daɗe tsaye a bakin garke.

Robert Koldewey, Bajamushe, ya haƙa kufan Babila daga 1899 zuwa 1917. Galibin tubalan a farfashe aka same su. Aka kwashe su cikin akwatuna zuwa Balin, aka jiƙa don cire gishiri, aka yi ta haɗa gutsure da gutsure, har aka tsayar da ƙofar a gidan tarihi na Pergamon a 1930.