Kano Ba Ta Da Teku, Amma Tana Jiran Jirgin Ruwa

Ran nan da yamma muna zaune a tsakar gida bayan cin tuwo, sai autanmu ya kawo mana hoton wani jirgin ruwa da ya gani a wayar yayansa. Sunan jirgin Icon of the Seas, ya fara aiki a watan Janairu 2024. Tsawonsa mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Ba kaya ya ke ɗauka ba. Masu yawon shaƙatawa ne a ciki, yau su yini a wannan tsibiri, gobe su wayi gari a wancan.

Yaron ya ce, "Baba, an ce wai akwai garuruwan da ba su so irin wannan jirgi ya tsaya musu. Ashe akwai mai ƙin baƙo da kuɗi a aljihunsa?"

Ba mu amsa masa nan da nan ba. Muka ce ya bari sai Asabar, mu zaga da shi Bompai da Sharaɗa da Challawa, gama amsar tana nan kusa da gida.

Amma bari mu fara ba ku labarin garuruwan da ya ke nufi. Birnin Benis na ƙasar Italiya a kan ƙananan tsibirai aka gina shi. A da manyan jirage su kan bi ta tsakiyarsa, ruwan da su ke turowa yana cin gindin tsofaffin gidaje. Daga ranar 1 ga Agusta 2021 gwamnatin Italiya ta hana jirgin da girmansa ya wuce tan 25,000 bin wannan hanya. Aka karkatar da waɗansu zuwa Marghera, wato unguwar masana'antu da ke tsallaken ruwa. A Amurka kuma akwai wani ƙaramin gari a kan tsibiri, sunansa Bar Harbor, mutanensa wajen 5,000 ne. A watan Nuwamba 2022 suka jefa ƙuri'a cewa kada fasinjan da za su sauko daga jirage su wuce 1,000 a yini. Tsibirin Santorini na ƙasar Girka, mai mutane wajen 15,000, ya sa iyakarsa a kan 8,000 a yini, a 2025 kuma aka fara karɓar Yuro 20 daga kowane fasinja a lokacin cunkoso. Saboda irin waɗannan dokoki kamfanonin jirage su kan sake tsarin tafiya. Mutum ya biya kuɗi da nufin ganin wani tsibiri, sai a aiko masa takarda cewa a wani wuri dabam za a tsaya.

Ranar Asabar da sassafe muka ɗauki A Daidaita Sahu daga Sabon Gari zuwa Bompai. Ita ce babbar yaya a cikin unguwannin masana'antu na Kano. Ba a banza ta zauna kusa da layin dogo ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da fatu da ƙiraga ta nan suka riƙa gangarawa zuwa Ikko, tafiyar fiye da kilomita 1,000, su shiga jirgin ruwa. Iyayenmu sun san dalar gyaɗa. Mun bayyana wa yaron cewa ba don ado aka tara ta ba. Gyaɗar ce ta fi ƙarfin taragun da za su kwashe ta, sai aka jera dubban buhuna suna jiran layi. Wato tun tuni Kano ta san abin da a ke nufi da kaya su fi ƙarfin hanya.

A bakin ƙofar wata masana'anta da aka rufe muka iske wani dattijo maigadi yana shan inuwa. Muka gaisa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannunku da zuwa. Aikin ke nan, gadin kango."

Ya ce yana saurayi ya shiga wurin, lokacin da a ke aiki dare da rana, in an tashi kuwa kekuna su cika titi har mota ta rasa wurin wucewa. Muka tambaye shi ko ya tuna da shekarar siminti. Ya yi dariya, ya ce wa zai manta?

Ga abin da ya faru, domin matasan da ba su ji ba. A 1975 kuɗin man fetur ya shigo da yawa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi odar siminti fiye da tan miliyan 16 daga ƙasashen waje. Kwatar Apapa kuwa ba ta da ƙarfin sauke ko kusa da haka a shekara guda. Kafin tsakiyar shekara jirage fiye da 400 suna tsaye a bakin Ikko suna jiran layi, wajen 260 a cikinsu siminti su ke ɗauke da shi. Waɗansu suka yi watanni a kan ruwa, ana biyan masu jiragen kuɗin jira kowace rana, simintin waɗansu ya sha danshi ya daskare. Jiragen da ke ɗauke da injuna da magani da kayan gyara su ma suka maƙale a layi ɗaya. A ƙarshen Yuli Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ya hau mulki. A watan Agusta hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ba da sanarwa cewa duk jirgin da zai nufo Ikko sai ya sanar da ita wata biyu kafin ya taso. Bayan haka aka gina sabuwar kwata a tsibirin Tin Can, aka buɗe ta a watan Oktoba 1977.

Muka ce wa yaron, "To, ka ji. Abin da Benis ta yi a 2021, ƙasarka ta yi irinsa tun 1975. Ba ƙin baƙi ta yi ba. Ƙofar ce ta yi kaɗan."

Daga nan muka ratsa gari zuwa Sharaɗa, a kudu maso yammacin birni. Nan akwai masu yin robobi da takalma da buhuna da kayan abinci, akwai kuma majemu. A gefen titi tireloli sun yi jeri, waɗansu da kwantena a bayansu. Ƙarƙashin wata tirela muka ga direba da yaron motarsa sun shimfiɗa tabarma suna dafa shayi. Direban ya ce mu zauna. Ya gaya mana cewa a shekarun baya ya taɓa yin mako uku a layin shiga Apapa, yana barci a mota, kuɗin guzurinsa ya ƙare, matarsa a gida tana cin bashin hatsi. Ya ce yanzu sai an ba mota lokacinta kafin ta doshi kwata. Abin da ya ke nufi shi ne tsarin da a ke kira Eto, wanda hukumar tashoshin ta fara a watan Fabrairu 2021, inda kowace mota za ta jira a garejinta sai an kira ta.

Muka tambaye shi, "Malam, dokar ta yi maka daɗi?"

Ya ce, "Yallaɓai, ba mai son a ce masa tsaya. Amma jira a inuwa ya fi jira a kan gada."

Wannan jinkiri ba a kan direba kaɗai ya ke tsayawa ba. In kwantenar sinadari ko ta kayan gyaran inji ta makara, sai a kashe inji a Sharaɗa, a ce wa masu aikin yini su koma gida. Wanda a ke biya a kan yini kuwa, in bai yi aiki ba, ba cefane. Haka kuma daga watan Nuwamba 2023, da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, kamfanoni da yawa suka bar mashigin Suez suka koma zagayawa ta ƙarshen kudancin Afirka. Jiragen kaya da na shaƙatawa duka suka sake hanya, kuɗin dako ta ruwa ya tashi a duniya. Ruwa a can, jiƙewa a nan.

Da azahar muka isa Challawa, a kan hanyar Panshekara. Tun kafin a ga majemu hanci ya ke sanarwa. Jima tsohuwar sana'ar Kano ce. Fatun awakin ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙetare Sahara a bayan raƙuma, har Turawa suka riƙa kiransu fatar Maroko. Yau ta teku su ke tafiya, da yawa kuwa Italiya su ke nufa, ƙasar da Benis ta ke. Mai yiwuwa ne jakar da wata baƙuwa ta saya a can, fatarta daga nan ta tashi.

Muka taka har bakin kogi. A nan ne tambayar yaron ta juyo kanmu. Ruwan da ke fitowa daga masana'antun Sharaɗa ta rafin Salanta ya ke bi ya shiga kogin Challawa. Na Bompai kuma ta rafin Getsi ya ke haɗuwa da Jakara. Ruwan jima yana ɗauke da gishiri da sinadarin kurom, in ba a tace shi ba. A gefen waɗannan rafuffuka kuwa masu lambu su ke noman latas da alayyafo da kabeji, waɗanda mu ke saye a kasuwa mu kai wa iyali. Wata tsohuwa da muka iske tana tsinkar ganye ta ce ɗanta a majema ya ke aiki, da albashinsa a ke biyan kuɗin makarantar jikokinta. Ta ce ba ta roƙon a rufe wurin. Roƙonta a tace ruwan kafin a sako musu.

Maganar mutanen Bar Harbor ke nan, da bakin Hausa. Can ma akwai masu kantuna da gidajen abinci da suka kai ƙara kotu, domin cinikinsu a hannun fasinjan jirgi ya ke. Akwai kuma maƙwabtansu da suka ce titi da ruwan sha da kwanciyar hankalin garin suna da iyaka. Dukansu gaskiya su ke faɗa, abin da ya sa shari'ar ta yi wuya ke nan.

Kakanninmu sun san wannan. Ayarin raƙuma in ya iso Kano, ba a cikin lungunan birni ya ke sauka ba. A Fagge ya ke yada zango, bayan ganuwa, inda akwai fili. Kowace ƙofa tana da sarkinta, ana rufe ta da dare, a buɗe da safe. Ba wanda ya ce Kano ta ƙi fatake saboda haka, kasuwar Kurmi kuwa ta cika ta batse. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kafin mu juyo gida muka tsaya a Zawaciki, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar kaya ta tudu mai suna Dala a watan Janairu 2023. Nufinta shi ne kwantena ta zo daga bakin teku a rufe, a yi mata aikin kwastan a nan Kano, mai fitar da kaya kuma ya gama takardunsa a gida. Yaron ya leƙa ta ƙofa yana neman ruwa, bai ga ko kududdufi ba. Muka ce masa kwata ce ba ruwa, amfaninta kuwa ya dogara ga hanya da layin dogo da za su haɗa ta da Ikko.

Muna cikin A Daidaita Sahu a kan hanyar komawa, ƙura ta yi mana fari fat, sai ya ce, "Baba, na gane. Kamar ranar bikin Yaya ne, da baƙi suka fi tabarmi yawa, Mama ta ce waɗansu su sauka gidan Kawu."

Muka ce haka ne. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya tambaya wa zai sa a tace ruwan tsohuwar nan. Wannan tambaya mun kawo muku ita, ku masu karatu da ke aiki a waɗannan unguwanni, da ku da ke sayen ganye a kasuwa kamar mu.