Ƙanƙarar da Ta Fi Abuja Faɗi

Kubwa, Abuja

Aminina,

Ya gida, ya ɗalibai, ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara.

Shekaranjiya da la'asar na tsaya sayen ƙanƙara a bakin kasuwa, don tun asuba ba mu ga wuta ba. Kafin in isa gida rabinta ya zama ruwa a leda. Ɗiyarka, autarmu, ta ce, "Baba, wai akwai inda ƙanƙara ba ta narkewa?" Na ɗauko taswira na nuna mata Antatika, can ƙurewar kudu. Ita ta yi barcinta, ni kuwa na raba dare ina karatu da lissafi.

Wallahi girman wurin ya wuce yadda muke zato. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita miliyan 14 ne, wato Najeriya sau 15. Kaurin ƙanƙarar da ta lulluɓe shi kuwa, in an daidaita, ya kusa kilomita 2, wani wurin ma ya haura 4. Ka san Dutsen Aso, mita 400 ne. To sai ka ɗora biyar a kan juna kafin ka leƙo sama.

Kuma ba ruwan teku ne ya daskare ba. Dusar ƙanƙara ce ke zuba shekara da shekaru, ta sama tana danne ta ƙasa har ta dunƙule. Nauyinta ne ke sa ta malala a hankali zuwa gaɓa kamar kunu mai kauri. In ta isa teku sai ɓangare ya ɓalle ya kama yawo.

A watan Maris na 2000 wani ya ɓalle, masana suka sa masa suna B-15. Tsawonsa kilomita 295: ka tashi daga nan, ka wuce Kaduna, ka iso ƙofar gidanka a Zariya, ba ka kai ƙarshensa ba. Faɗinsa wajen murabba'in kilomita 11,000, alhali duk yankin Babban Birnin Tarayya, har da Abaji da Kwali, 7,315 ne. Abin da ido ke gani ma kusan kashi ɗaya ne cikin goma, sauran yana ƙarƙashin ruwa. Wani kuma, A23a, ya ɓalle a 1986, gindinsa ya kafe a ƙasan teku fiye da shekara 30 kafin ya motsa.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Ƙanƙarar da ke yawo a kan ruwa in ta narke ba ta ƙara wa teku tsawon kirki, kamar dai wadda ke cikin kofin zoɓo. Ta kan tudu ita ce abin tsoro. An ƙiyasta da duka za ta narke, teku zai tashi kusan mita 58. Ba abin yau ko gobe ba ne, amma Legas ba ta buƙatar 58, mita ɗaya ma ya isa ya jiƙa mata aiki. Nan take na tuna 'yan'uwanmu da ke Idi-Araba da Obalende.

Don Allah ka gwada wa ɗalibanka awon nan na hanyar Abuja zuwa Zariya, ka faɗa mini abin da suka ce. A gaida Inna da uwargida. Muna nan tafe bayan sallah, in sha Allahu.

Naka har kullum,
Amininka na Kubwa